Kundin Situdiyonmu: Daga Janairun 2024 Zuwa Bayan Ƙaramar Sallar 2025

14 Janairu 2024

Mun kama shago. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, a wani layi da ya ɓulle Zoo Road a Kano. Mu biyu ne, ni a kan kyamara, abokina a kan editin. Jarinmu bai wuce kyamara ɗaya ta hannu ba, da fitila biyu, da wata kwamfuta da ke huci in aka matsa mata. Da a unguwarmu muka kama, kuɗin haya ba zai kai rabin wannan ba, amma a nan 'yan fim suke, a nan masu sauti da masu hayar kayan shutin suke. In batir ya mutu maka ana tsaka da aiki, titi kawai za ka tsallaka.

Mun yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don mu samu buɗe asusun banki da sunanta. Alhajin da zai ba ka aikin talla ya fi samun natsuwa in ya ga sunan kamfani a kan lambar asusu. Aiki iri uku muka sa a gaba: biki, tallan 'yan kasuwa, sai wani shiri a YouTube a kan sana'o'in Kano. Na ukun shi ne abin da muke so, biyun farko su za su ciyar da shi.

22 Fabrairu 2024

Dala ta haura naira 1,500. A Beirut Road in ka tambayi kuɗin kaya, mai shago sai ya fara ɗaga waya ya ji yadda kasuwar canji ta Wapa ta tashi kafin ya ba ka amsa, kuma farashin safe ba shi ne na yamma ba. Maganar kyamara ta biyu mun jingine ta.

Haka ma manhajar editin da ake biya wata-wata da dala. Abokina ya koma DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, yana koyonta da daddare lokacin da data ta fi araha. Makon farko kullum cikin tsaki yake, yanzu kuwa ya fara cewa wajen gyaran kala ba abin da ya kamo ta. 'Yan kuɗin da muka tara muka sa su a makirufo ƙarama, irin wadda ake maƙalawa a wuyan riga. Mai kallo a waya zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar murya ta cakuɗe da ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita, ya wuce.

8 Maris 2024

Sha'aban ne, kowa na so ya kai amarya ɗakinta kafin azumi. Duk bikin da muka ɗauka a makonnin nan ta hannun mutum ɗaya ya zo: wata mai kwalliyar amare. A Janairu mun yi mata gajerun bidiyoyi na aikinta ba mu karɓi ko sisi ba, saboda mu ma muna neman abin nunawa. Ashe amarya tana zama a gaban mai kwalliya da mai lalle da tela tun ba ta fara tunanin mai hoto ba, kuma a wannan zaman ake tambaya, "Anti, wa kika sani mai bidiyo wanda ba ya ɓata lokaci?" Na yi mata maganar la'ada, ta ce a'a. "Kai dai kada ka ba ni kunya, in ka ce sati biyu ya zama sati biyu." Wannan sharaɗin ya fi la'ada nauyi.

Sai dai akwai ƙofar da ba ta buɗe mana ba. A wani gida a cikin gari mun ɗauki ɗaurin aure da walimar maza, da aka zo kamu uwar amarya ta tare ni a soro. "Ɗana, ka yi haƙuri, nan kam maza ba sa shiga." Da waya 'yan matan gidan suka ɗauki abinsu. Rabin bikin ke nan, kuma rabin da amarya ta fi so ta sake kallo.

29 Maris 2024

Akwai majalisar da ake shan ruwa a ƙasan benenmu, kuma a cikinta akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Tun zamanin kaset yake riƙe kyamara, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke yanke wa fim hukuncin rai ko mutuwa. Jiya bayan an sha kunu na miƙa masa wayata, na nuna masa wani talla da muka ɗauka a kantin takalma. Wasu layuka baƙaƙe suna ta gilmawa a hoton daga ƙasa zuwa sama, mun zaci kyamarar ce ta fara tsufa.

Bai kai ga ƙarshen bidiyon ba ya ce, "Yaro, a kan nawa ka sa ta?" Na ce 30. Ya yi dariya. Wutarmu a Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma yawancin masu koyarwa a YouTube da wutar Amurka suke lissafi. In ka ɗauki hoto 30 a daƙiƙa a ƙarƙashin fitilar kanti, bugun fitilar da na kyamarar ba sa haɗuwa, shi ne layukan. Ka mayar da ita 25, saurin ƙyaftawarta ɗaya bisa 50, shi ke nan. In kuma janareta ne, musamman ƙaramin da ke tangal-tangal, bugunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ka kashe fitilar kantin ka kunna taka mai batir. Abin da ya hana mu barci ya warware shi kafin a kira isha'i.

Daga nan ya shiga labarin yadda kasuwar faifai ta rushe, yadda masu tura finafinai a waya suka cika gari, mutanen da suka yi gidaje da motoci a harkar suka wayi gari ba mai sayen CD. Ya ce waɗanda suka tsira ba su fi kowa iya aiki ba, su ne dai waɗanda in an ga aiki ake tuna su. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, don na san gwanaye masu baƙin hali da har gobe ake nema. Amma na lura shi kansa ba shi da shago, ba shi da shafi a Instagram, kuma wayarsa ba ta hutawa.

13 Afrilu 2024

Mun ɗauki Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Ba wanda ya sa mu, don rumbunmu muka yi. Ƙura ta shiga ko'ina, Baba ya ara mana burushi da 'yar robar hura iska, ya hana mu goge gilashin da gefen riga.

19 Mayu 2024

Aikin Kantin Kwari, wanda ya fi kowanne koya mana abu zuwa yanzu.

Wani Alhaji mai shadda da atamfa ne, wanda yawancin cinikinsa ya koma waya. Masu sara daga Maraɗi da Damagaram da Yola ba sa zuwa kamar da, hoto suke gani a WhatsApp su turo kuɗi a ɗora musu kaya a mota. Matsalarsa ɗaya: kaya su isa a bugo a ce ba kalar da aka gani ba ce. Yaransa suna ɗaukar hoto a cikin shago ƙarƙashin farar fitila mai shuɗi-shuɗi, sai ruwan toka ya fito kamar sararin samaniya, ruwan madara ya koma fari fat.

Mun zo da kayanmu muna shirin kafa fitilu, ya ce mu dakata. Ya ɗauko turmin shadda ya fita da shi bakin ƙofa, inda hasken rana ke shigowa amma ba ta dukan kayan. Ya warware kamu biyu, ya ɗora a kan damtsensa, ya riƙa karkata hannun a hankali har zanen da ke cikin saƙar ya taso, ya ɓace, ya sake tasowa. "Ka gani? Shadda ba a tsaye ake ganinta ba, sai tana motsi." Sannan ya murza gefenta da yatsu biyu kusa da kunnena. Wannan ƙarar, in ji shi, da ita mai saye ke bambance mai kyau da ta banza tun kafin ya tambayi kuɗi. Sai muka cire makirufo daga wuyan rigarsa muka kai ta bakin yadin.

Abin da muka ƙara daga namu ɓangaren kaɗan ne: farar takarda a gaban kyamara kafin kowane ɗauka don ta gane fari na gaskiya, da ɗaukar bidiyon a tsaye tunda a waya za a kalla. Muka kuma nuna wa yaransa su riƙa tura bidiyo a matsayin fayil, don in aka tura shi kai tsaye WhatsApp yana matse shi, kala ta dusashe. Wannan na ƙarshen abokina ya so mu riƙe shi a matsayin sirrin sana'a. Na ga ba abin ɓoyewa ba ne, wani zai gaya musu gobe, gara su ji daga bakinmu.

Wajen ciniki Alhaji ya taya, na ce albarka, ya ƙara kaɗan, na sallama a ƙasa da abin da na yi niyya. Kafin sati ya zagayo maƙwabtansa biyu a layin sun kira. A Kwari ba a talla da allo, mutum ya leƙa wayar maƙwabcinsa ne ya ce wa ya yi maka wannan.

17 Yuni 2024

Babu hawa a babbar sallah. 'Yan sanda sun hana saboda rikicin masarauta. Gidaje biyu na mahaya da suka riga suka ba mu kafin alƙalami mun mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya ya karɓa, ɗayan ya ce mu zo gida mu ɗauki dawakin da kayansu tunda an riga an yi ɗinki.

21 Yuli 2024

Ƙanwata ta gama makaranta tana zaune, na roƙi Hajiyarmu ta bar ta ta riƙa zuwa shago. An sha muhawara. Sharuɗɗan Hajiya: bikin mata kawai, a dawo da ita kafin tara, kuma ni zan kai ta in ɗauko ta. Ta fara da waya da maƙalin da ke hana girgiza, tana ɗaukar 'ya'yan maƙwabta suna wasa a tsakar gida. Hannunta ya fi nawa natsuwa. "Yaya, kai kana bin mutum da kyamara ne, ni jiransa nake ya shigo." Ban ce mata komai ba, amma na gwada a ɗaurin auren da ya biyo baya.

6 Agusta 2024

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta ranar 1 ga wata ta rikiɗe, gwamnati ta sa dokar hana fita. Daren da ya gabaci zanga-zangar mun kwashe kyamara da kwamfuta da rumbun ajiyar bidiyo zuwa gida, shawarar Baba ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cibiyar koyar da fasahar zamani ta NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, da aka wawushe, ana saura kwanaki a buɗe ta. Irinmu aka gina wa ita.

15 Satumba 2024

Abu biyu. Na farko, mun shiga adashi da wasu masu hoto na layinmu, kuma mun yi yarjejeniya cewa kowa ya kwasa kayan aiki zai saya, ba wanda zai sayi irin abin da wani yake da shi. Ɗaya yana da jirgin ɗaukar hoto daga sama, ɗaya manyan fitilu, mu za mu sayi kyamara in namu ya zo. Mai buƙata ya ara, ya biya rabin kuɗin haya na kasuwa, abin da ya lalace a hannunka kai za ka gyara. A takarda abokan hamayya ne mu, ango ɗaya muke zawarci. A zahiri ranar Asabar ɗaya tana iya ɗaukar biki biyar, ba mai iya cinye su shi kaɗai, kuma wanda ka tura wa aiki yau shi zai turo maka a Disamba.

Na biyu, takardar yarjejeniya. Shafi ɗaya ce, da Hausa: kashi 60 kafin aiki, ciko kafin a miƙa bidiyo, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi. 'Yan kasuwa ba su ce uffan ba, sun saba. Wahalar tana wajen 'yan uwa da abokan 'yan uwa, masu "haba, mu da kai har sai an yi rubutu?" Dabarar da na samu ita ce in ce abokin aikina ne ba ya yarda, shi ma in nasa suka zo ya ce ni ne.

31 Oktoba 2024

Wuta ta dawo jiya bayan fiye da mako guda Arewa na cikin duhu. An lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi shi ma ya faɗi. Fetur kuma ya haura naira 1,000, kunna janareta don editin ya zama kamar ƙona ribar da hannu. Mai gyaran waya da ke ƙasanmu yana da sola, ya ja mana waya ɗaya ta taga, iyakar kwamfuta da cajin batir, daga hantsi zuwa la'asar. Da na tambaye shi nawa, ya ce a yi masa bidiyon shagonsa in an samu sarari. Ayyuka biyu sun makara duk da haka. Na kira masu su tun kafin ranar alƙawari na gaya musu, har da mai kwalliyar da ta haɗa mu da ɗaya daga ciki. Ta ce ita ma da fitilar waya take yi wa amare kwalliya.

22 Disamba 2024

Watan nan ba mu zauna ba. Kwasar adashi ta zo mana, kyamara ta biyu ta shigo, kuma a hannun ƙanwata take.

Ƙofar da aka rufe mana a Maris yanzu ita ce babbar hanyar shigar kuɗinmu. Kamu, sa lalle, yini, buɗar kai, duk ita da wata ƙawarta mai riƙe mata fitila. Amma ba kasancewarta mace kaɗai ya kawo aikin ba. Abin da iyaye ke tsoro shi ne a wayi gari a ga 'yarsu ba mayafi tana rawa a TikTok. Don haka muka ƙara layi biyu a takardarmu: bidiyon taron mata mace ce za ta tace shi, kuma ba za mu ɗora ko daƙiƙa ɗaya a shafinmu ba sai da izinin amarya da na gidansu. Wannan ya sa dole ta koyi editin, abokina ya koya mata a kan bidiyon Kwari. Tana aikinta a gida, a kan rumbu na daban, in an miƙa an tabbatar ya buɗe sai a goge bayan wata uku. Asarar da ke ciki a fili take: aikinmu mafi kyau ba mai ganinsa sai masu shi, shafinmu na Instagram cike yake da shadda da rawunan angwaye. Sai dai iyaye mata suna da nasu Instagram ɗin, a gidan suna da gidan gaisuwa. Wata Hajiya da ban taɓa gani ba ta kira ta ce, "Kai ne yayan yarinyar nan mai kyamara? An ce ba kwa watsa mutane."

Mun leƙa kasuwar baje koli ta KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, tunda ga ta nan a kan titinmu. Mun bi rumfunan masu ƙananan masana'antu, masu yaji da man gyaɗa da turaren wuta, muna yi musu bidiyon rabin minti nan take. Kuɗin ba yawa, lambobin waya ne ribar.

A farkon watan kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Wata ƙungiya ta nemi hotunan hawa, ta hannun Baba, kuma abin da muka ɗauka a Afrilu ba don kowa ba shi muka sayar. Izinin amfani muka ba su na shekara ɗaya, asalin yana wurinmu. Wannan ma shi ya ce mu rubuta.

20 Fabrairu 2025

NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairu, kuma mun fara ji a jikinmu. Ɗora shiri ɗaya mai tsawo yanzu sai an yi lissafi.

Shirin sana'o'in yana tafiya a hankali. Mun yi marina ta Ƙofar Mata, mun yi dukawa, mun yi masu auna hatsi a Dawanau. Hanyar da muke bi don YouTube ya fara biyanmu kuɗin talla ita ce mu samu mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata 12. Mabiyan mun samu, sa'o'in da saura sosai, domin mutanenmu suna kallon minti biyu ne su tsaya saboda data. Abokina yana ganin mu daina dogon shiri mu koma gajeru. Ni ina ganin ko YouTube bai taɓa biyanmu ba shirin ya riga ya biya kansa: wani mai fitar da riɗi da zoɓo waje ya kira mu ne saboda na Dawanau, kuma aikinsa kaɗai ya fi abin da tallan YouTube zai ba mu a shekara. Ba mu daidaita ba. A yanzu dai kowane dogon shiri ana yanka shi gida huɗu a watsa, a bar cikakken ga mai so.

6 Afrilu 2025

Bana ma ba a yi hawa ba. Wannan karon ba mu karɓi kuɗin kowa a kansa ba.

Mun zauna da littafin shiga da fita a cikin azumi. Biki ne kan gaba, kuma fiye da rabinsa na ƙanwata ne, don haka daga wannan watan ta tashi daga kuɗin aiki ta koma mai kaso kamar mu. Talla na biye. Na bi sunayen masu ba mu aiki ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina ta ina kowanne ya zo, na tarar waɗanda suka same mu ta shafinmu ba su cika hannu ɗaya ba. Sauran duk ta mai kwalliya ne, ko Alhajin Kwari, ko Baba, ko 'yan adashi. Kuɗin da muka ware don tallata shafi a Facebook mun karkatar da shi: mun yi wa waɗannan mutanen kayan sallah, ƙanwata ta kai wa mai kwalliya nata har gida.

Baba ya kawo mana jikansa ya koyi editin, ya fara ranar Litinin. Mai gida ya aiko cewa haya za ta tashi a Janairu. Mun tambayi kuɗin sola mai ɗaukar kwamfuta biyu da fanka, ya fi ƙarfin kwasa ɗaya, don haka za mu nemi 'yan adashi su yarda mu shiga hannu biyu a zagaye mai zuwa. Bidiyon mai gyaran waya har yanzu yana kanmu, an sa masa ranar Alhamis.